Edwin Stanton

Edwin McMasters Stanton (19 ga watan Disamba, 1814 – 24 ga watan Disamba, 1869) lauya ne kuma ɗan siyasa ɗan ƙasar Amurka. Ya yi suna a shari'o'in da suka shafi dukiyar hukuma da kuma takardun da mutane ke kawowa don neman kuɗi ko fili daga hannun gwamnati. Ya riƙe muƙamin Antoni Janar na 'yan watanni a ƙarshen mulkin Shugaba James Buchanan. Daga shekarar 1862 zuwa 1868 kuma ya zama Sakataren Yaƙi, wato ministan da ke kula da rundunar sojan ƙasa, a ƙarƙashin Shugaba Abraham Lincoln da magajinsa Andrew Johnson.

Stanton ya karɓi Ma'aikatar Yaƙi ne a lokacin Yaƙin Basasar Amurka, sa'ad da badaƙalar kwangilar makamai da kayan soja ta yi mata katutu. Ya tafiyar da ita da ɗabi'ar da ya saba da ita a kotu, ta neman takarda, da duba sa hannu, da tambayar ko wanda ya sa hannun yana da ikon yin haka. Wasu daga cikin dokokin da suka zama tushen tsarin kwangilar gwamnati a Amurka an kafa su ne a zamanin da yake riƙe da wannan ma'aikata. An yabe shi kan riƙon amanar kuɗin jama'a, an kuma soke shi kan tsananin hali da tsare mutane ba tare da shari'a ba.

## Farkon rayuwa da karatu

An haifi Stanton a garin Steubenville da ke jihar Ohio, a bakin kogin Ohio. Mahaifinsa, David Stanton, likita ne, sunan mahaifiyarsa kuma Lucy Norman. Tun yana yaro ya kamu da ciwon asma, kuma ciwon bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Mahaifinsa ya mutu a shekarar 1827, lokacin Edwin yana ɗan shekara 13, ya bar iyalin cikin ƙuncin rayuwa. Dole ta sa yaron ya bar makaranta ya kama aiki a kantin sayar da littattafai na wani mai suna James Turnbull, inda ya samu damar karanta abin da yake sayarwa.

A shekarar 1831 ya shiga Kwalejin Kenyon da ke garin Gambier, amma rashin kuɗi ya sa ya fita kafin ya kammala. Ya koma aikin kantin littattafai a birnin Columbus, daga baya ya dawo gida ya koyi aikin lauya a ofishin Daniel Collier. A wancan zamani haka yawancin lauyoyin Amurka ke koyon aikin, ta hanyar zama a ƙarƙashin wani gogaggen lauya har su ci jarrabawa.

Ya auri Mary Lamson a ƙarshen shekarar 1836. 'Yarsu Lucy ta mutu tana ƙarama a 1841, Mary ta bi ta a 1844, sannan ƙanensa Darwin ya kashe kansa a 1846. Marubuta tarihinsa da dama suna danganta zafin rai da rashin fara'ar da aka san shi da su daga baya da waɗannan rashe-rashe da suka zo masa a jere. A 1856 ya auri Ellen Hutchison, 'yar wani attajiri na birnin Pittsburgh.

## Fara aikin lauya

Stanton ya fara aiki a garin Cadiz na jihar Ohio, kuma a 1837 aka zaɓe shi mai gabatar da ƙara na gundumar Harrison. Ya yi haɗin gwiwar aiki da Benjamin Tappan, wanda ya zama sanata, kuma ta hanyarsa ya shiga harkokin jam'iyyar Democrat.

Shari'ar da ta fara fito da sunansa a Washington ita ce ta Caleb McNulty, akawun Majalisar Wakilai, wanda aka kora a 1845 bisa zargin yin sama da faɗi da kuɗin majalisar. Stanton ne ya kare shi, kuma ba a samu McNulty da laifi ba. A 1847 ya mayar da ofishinsa Pittsburgh a jihar Pennsylvania, birnin masana'antu da jiragen ruwa, inda manyan shari'o'in kasuwanci suka fi yawa.

### Shari'ar gadar Wheeling

A 1849 aka kammala wata gada mai rataye a kan kogin Ohio a garin Wheeling, wanda a lokacin yake cikin jihar Virginia. Tsawon tsakiyarta ya kai ƙafa 1,010, kuma babu gada irinta da ta kai ta tsawo a duniya a wancan lokaci. Matsalar ita ce manyan jiragen ruwa masu aiki da tururi da ke zuwa Pittsburgh suna da dogayen bututun hayaƙi, waɗanda ba sa iya wucewa ta ƙarƙashin gadar idan kogi ya cika. 'Yan kasuwar Pittsburgh suka ga cewa gadar za ta karkatar da ciniki zuwa Wheeling.

Jihar Pennsylvania ta ɗauki Stanton ya kai ƙarar kamfanin gadar a Kotun Ƙoli. Hujjarsa ita ce kogin hanya ce ta kowa da kowa tsakanin jihohi, kuma jihar ta kashe kuɗi mai yawa kan magudanan jiragen ruwa da wasu hanyoyin sufuri waɗanda ribarsu ta dogara da zirga-zirgar kogin. A 1852 kotun ta ba Pennsylvania gaskiya, ta yi umarni a ɗaga gadar ko a cire ta. Sai dai a cikin wannan shekarar Majalisar Dokoki ta yi doka da ta ayyana gadar a matsayin halattacciyar hanyar aika wasiƙu, kuma a 1856 kotun ta amince cewa dokar ta sauya hukuncin farko. Gadar ta tsira, amma Stanton ya fito daga shari'ar a matsayin ɗaya daga cikin lauyoyin da ake ji da su a gaban Kotun Ƙoli.

### Shari'ar injin girbi da ta Sickles

A 1855 aka saurari ƙarar da Cyrus McCormick ya shigar a kan John H. Manny, yana zarginsa da satar fasahar injin girbin alkama. Stanton na cikin lauyoyin Manny tare da George Harding da Peter H. Watson. An kuma ɗauki wani lauya daga jihar Illinois mai suna Abraham Lincoln, saboda ana zaton a can za a yi shari'ar. Da aka mayar da ita birnin Cincinnati, sauran lauyoyin suka yi watsi da Lincoln, ba su bar shi ya yi magana a kotu ba, kuma Stanton na cikin waɗanda suka wulaƙanta shi. Manny ya yi nasara. Bayan shekara bakwai wannan Lincoln ɗin ne ya naɗa Stanton minista.

A 1859 Stanton ya shiga sahun lauyoyin da suka kare ɗan majalisa Daniel Sickles, wanda ya harbe Philip Barton Key a kusa da fadar White House saboda yana neman matarsa. An sallami Sickles bisa hujjar cewa hankalinsa ya gushe na ɗan lokaci sa'ad da ya aikata kisan. Ana ɗaukar wannan a matsayin karo na farko da irin wannan hujja ta yi nasara a kotun Amurka.

## Takardun jabu na filayen Kalifoniya

Aikin da ya fi nuna salon Stanton kafin yaƙi shi ne wanda ya yi wa gwamnatin tarayya a Kalifoniya. Bayan yaƙin Amurka da Meziko, yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ta miƙa Kalifoniya ga Amurka, tare da alkawarin mutunta filayen da hukumomin Sifaniya da Meziko suka riga suka ba mutane. Wata doka ta 1851 ta kafa hukumar da za ta tantance masu da'awa. Da yake gano zinariya ya sa farashin ƙasa ya yi tashin gwauron zabo, sai masu takardun jabu suka yi ta fitowa.

Mafi girma a cikinsu ita ce da'awar José Yves Limantour, wani ɗan kasuwa haifaffen Faransa. Ya ce Gwamna Manuel Micheltorena ya ba shi a 1843 filin da ya haɗa da babban sashe na birnin San Francisco, da wasu tsibirai da ke kewaye, har da Alcatraz. Hukumar tantancewa ta amince da wannan da'awa a 1856, shi kuma ya riƙa karɓar kuɗi daga mazauna birnin da ke tsoron a tashe su daga gidajensu. Wasu wuraren da yake nema gwamnati ta riga ta keɓe su don ayyukan soja.

Antoni Janar Jeremiah Black ya tura Stanton can a farkon 1858. Stanton ya sa aka tattaro tsofaffin takardun mulkin Sifaniya da Meziko da ke warwatse a garuruwa daban-daban, aka jera su, aka ɗinke su a ɗaruruwan kundaye. Da aka samu takardun asali masu yawa a wuri guda, sai ya yiwu a gwada kowace takardar da'awa da takwarorinta na shekarar da aka ce an rubuta ta. Gwajin ya nuna cewa hatimin da ke kan takardun Limantour ya bambanta da hatimin gwamnati na gaske, kuma babu alamar kyautar filin a inda ya kamata a same ta cikin rajistar hukuma. A watan Nuwamban 1858 alƙali Ogden Hoffman ya yanke hukuncin cewa takardun na jabu ne. Limantour ya ƙare rayuwarsa a Meziko. Kundayen da Stanton ya haɗa sun ci gaba da zama madogara wajen warware sauran da'awowin filaye a jihar.

## Antoni Janar da badaƙalar Floyd

Stanton ya zama Antoni Janar ranar 20 ga watan Disamba, 1860, ranar da jihar South Carolina ta sanar da ɓallewarta daga tarayya bayan zaɓen Lincoln. Cikin 'yan kwanaki wata badaƙala ta kwangila ta fallasa a cikin gwamnatin. Sakataren Yaƙi John B. Floyd ya daɗe yana sa hannu a kan takardun alkawarin biya ga kamfanin Russell, Majors and Waddell, mai jigilar kayan soja zuwa yammacin ƙasar, kan aikin da ba a riga an yi ba. Ɗaya daga cikin masu kamfanin ya yi amfani da irin waɗannan takardu ya karɓi takardun lamuni na dala 870,000 daga hannun wani akawu a Ma'aikatar Cikin Gida, alhali dukiya ce da gwamnati ke riƙe wa wasu ƙabilun Indiyawan Amurka amana.

A daidai wannan lokaci majalisar ministoci ta rabu kan ko a janye sojojin tarayya daga sansanin Fort Sumter da ke South Carolina. Floyd ya nemi a janye su. Stanton da Black da Joseph Holt suka tsaya kan cewa janyewar daidai take da miƙa wuya. Floyd ya yi murabus ranar 29 ga watan Disamba, daga baya ya zama janar a rundunar Kudu.

Takardun da Floyd ya sa wa hannu sun ci gaba da yawo a hannun bankuna da 'yan kasuwa. A ƙarshen shekarun 1860 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa gwamnati ba za ta biya su ba, domin babu dokar da ta ba ministan ikon ɗaura mata irin wannan bashi. Ƙa'idar da ta fito daga hukuncin tana aiki har yau: wanda zai ƙulla ciniki da gwamnati, alhakinsa ne ya tabbatar jami'in da ke gabansa yana da ikon ƙulla shi.

## Sakataren Yaƙi

### Halin da ya tarar

Lokacin da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 1861, sojan ƙasa na Amurka bai wuce mutum 16,000 da 'yan kai ba. Kafin ƙarshen shekarar adadin ya haura rabin miliyan. Kowane soja yana buƙatar bindiga, da kaki, da takalmi, da bargo, da abinci, kuma ma'aikatar ba ta da ma'aikatan da za su iya sayen wannan kaya bisa tsari. Sakataren Yaƙi na farko a gwamnatin Lincoln, Simon Cameron, ya riƙa ba da kwangila ba tare da an tallata ta ba, sau da yawa ga abokan siyasa, wani lokaci ma da baki kawai.

Kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Charles Van Wyck ya bankaɗo abubuwa da yawa. An sayar wa soja kakin da aka yi da niƙaƙƙen tsumma, wanda ke zagwanyewa idan ruwan sama ya taɓa shi. An sayi dawaki da alfadarai marasa lafiya a farashin lafiyayyu. Wani misali da ya shahara shi ne na wasu tsofaffin bindigogi samfurin Hall guda 5,000, waɗanda aka saya daga rumbun gwamnati a kan dala 3.50 kowace ɗaya, aka yi musu gyara, aka sake sayar wa Janar John C. Frémont a kan dala 22. Matashin ɗan banki J. P. Morgan na cikin waɗanda suka ba da rancen kuɗin cinikin.

A watan Janairun 1862 Lincoln ya tura Cameron jakadanci ƙasar Rasha, ya naɗa Stanton a gurbinsa, duk da cewa ɗan jam'iyyar adawa ne kuma ya sha kushe shugaban a bayan idonsa. Ya kama aiki ranar 20 ga watan. A ƙarshen Afrilu Majalisar Wakilai ta yi Allah wadai da Cameron a hukumance kan yadda ya tafiyar da kwangiloli.

### Gyaran tsarin kwangila

Kafin watan Janairu ya ƙare Stanton ya ba da umarnin dakatar da sayen kayan soja daga ƙasashen waje muddin ana iya samunsu a gida. Ya kuma buƙaci duk mai da'awar yana da kwangila da ma'aikatar ya kawo ta a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci, in ba haka ba a ɗauke ta a matsayin babu. Ya keɓe ranakun ganin jama'a da na 'yan majalisa, kuma yakan saurari masu neman alfarma a tsaye a bayan wani dogon tebur, a gaban sauran mutanen da ke jira, abin da ya sa neman kwangila ta bayan fage ya yi wuya. Ya jawo Peter H. Watson, abokin aikinsa a shari'ar injin girbi, ya zama mataimakinsa mai lura da harkar makamai. Sayen tufafi da dabbobi da sufuri kuwa yana hannun Janar Montgomery C. Meigs, wanda shi ma aka san shi da tsantseni.

A watan Maris 1862 ya naɗa Joseph Holt da Robert Dale Owen su binciki kwangilolin makamai da aka bayar kafin zuwansa. Sun duba batutuwa sama da 100 da kuɗinsu ya kai kimanin dala miliyan 50, suka rage kusan miliyan 17. Sun gano cewa an ba da odar bindigogi masu yawa ga dillalan da ba su da masana'anta ko ɗaya, waɗanda niyyarsu ita ce su sayar da kwangilar ga wani su ci riba. Binciken ya kuma taɓo Sanata James F. Simmons na jihar Rhode Island, wanda aka yi wa alkawarin kamasho don ya samo wa wani kwangilar bindigogi. Ya yi murabus daga majalisa a wannan shekarar.

Majalisar Dokoki ta bi bayan waɗannan matakai da dokoki. Dokar 2 ga watan Yuni, 1862 ta wajabta rubuta kwangilolin ma'aikatun Yaƙi da Sojan Ruwa da Cikin Gida, da sa hannun ɓangarorin biyu, da ajiye kwafinsu a wani ofishi na musamman. A watan Yuli aka haramta wa 'yan majalisa karɓar lada don samo wa wani kwangila, aka kuma ba da damar gurfanar da 'yan kwangilar soja a kotun soja idan sun yi zamba.

Mafi daɗewar tasiri ita ce Dokar Da'awar Ƙarya, wadda Sanata Jacob Howard na jihar Michigan ya jagoranta, Lincoln kuma ya sa mata hannu ranar 2 ga watan Maris, 1863. Ta tanadi cewa wanda ya nemi kuɗin gwamnati da takardar ƙarya zai biya ninki biyu na asarar da ya jawo, da tarar dala 2,000 kan kowace takarda. Ta kuma ba kowane mutum damar shigar da ƙara a madadin gwamnati, ya ɗauki rabin abin da aka ƙwato. Lauyoyi na kiran wannan tsari qui tam, farkon wata jimla ta Latin da ke nufin wanda ya kai ƙara domin sarki da kuma domin kansa. Hikimar ita ce zambar kwangila galibi ta kashe-mu-raba ce, don haka wanda ya fi sanin sirrinta yana cikin masu yin ta, kuma lada na iya sa ya tona.

Su ma 'yan kwangila sun samu hanyar neman haƙƙinsu. A dā wanda ke bin gwamnati bashi ba ya iya kai ta ƙara, sai dai ya roƙi Majalisar Dokoki. An kafa Kotun Da'awa a 1855, amma da farko shawara kawai take ba majalisa. A 1863, bisa roƙon Lincoln, aka ba ta ikon yanke hukunci. Wasu daga cikin waɗanda ma'aikatar Stanton ta zaftare wa kuɗi sun je can sun yi nasara. Simon Stevens, dillalin bindigogin Hall, ya samu hukuncin a biya shi cikon kuɗinsa bayan yaƙi, domin kotun ta ga cewa cinikin ya ƙullu kuma an kai kayan.

### Jiragen ƙasa da tangarahu

Wata doka ta ƙarshen Janairun 1862 ta ba shugaban ƙasa ikon karɓe layukan dogo da na tangarahu idan bukatar yaƙi ta taso. Stanton bai cika amfani da ikon a jihohin Arewa ba. Kasancewar dokar kawai ta isa ta sa kamfanonin jiragen ƙasa su amince da farashi ɗaya, senti 2 a kowane mil ga kowane soja. Ya ɗora Daniel McCallum kan layukan dogo na soja, ya kuma mayar da cibiyar tangarahu kusa da ofishinsa, inda Lincoln ke yawan zuwa karanta labaran fagen fama.

A watan Satumban 1863, bayan an ci sojojin tarayya a yaƙin Chickamauga, Stanton ya shirya kwashe sojoji kimanin 20,000 da manyan bindigoginsu da dawakinsu daga Virginia zuwa kusa da Chattanooga, tafiyar mil 1,200, cikin ƙasa da mako biyu. Ma'aikatarsa ce kuma ta tsara ɗaukar baƙaƙen fata aikin soja, waɗanda yawansu ya kai kusan 180,000 kafin ƙarshen yaƙin.

### Suka

Tsananin da ya yi amfani da shi a kan 'yan kwangila ya yi amfani da shi a kan wasu ma. A watan Fabrairun 1862 aka kama Janar Charles P. Stone bisa umarninsa, aka tsare shi kwana 189 ba tare da an tuhume shi da wani laifi ba. A watan Agusta ya ba da umarnin kama duk wanda ke hana mutane shiga soja, abin da ya kai ga tsare 'yan jarida da 'yan adawa. Gurfanar da farar hula a kotun soja, har da 'yan kwangila, ya jawo ƙorafin cewa an tauye musu haƙƙin shari'a a gaban masu taimaka wa alƙali. An kuma ɗauki rufe ofisoshin ɗaukar soja da ya yi a watan Afrilun 1862, bisa zaton yaƙi ya kusa ƙarewa, a matsayin babban kuskure, domin ba a jima ba aka sake buɗe su.

## Kisan Lincoln da rikici da Johnson

John Wilkes Booth ya harbi Lincoln a daren 14 ga watan Afrilu, 1865. Stanton ya kwana a gidan da aka kwantar da shugaban, yana sauraron shaidu yana aika umarni, har Lincoln ya cika da safe. Shi ya jagoranci farautar masu hannu a kisan, ya kuma dage a yi musu shari'a a kotun soja. An rataye huɗu daga cikinsu ranar 7 ga watan Yuli, ciki har da Mary Surratt, wadda hukuncinta ya daɗe yana jawo muhawara.

Stanton ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin Andrew Johnson, amma suka saɓa kan makomar jihohin Kudu. Johnson na son a mayar musu da mulki da wuri. Stanton ya goyi bayan 'yan jam'iyyar Republican a majalisa, masu son soja su ci gaba da kare bayin da aka 'yanta. A watan Maris 1867 majalisa ta yi Dokar Wa'adin Muƙami, wadda ta hana shugaban ƙasa korar wasu manyan jami'ai sai da yardar Majalisar Dattawa. Johnson ya dakatar da Stanton a watan Agusta, Majalisar Dattawa ta mayar da shi a Janairun 1868, Johnson kuma ya sake korarsa ranar 21 ga watan Fabrairu. Stanton ya ƙi fita, ya riƙa kwana a ofis na tsawon makonni.

Bayan kwana uku da korar, Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'ar tuhumar Johnson domin a tsige shi, karo na farko da aka yi wa shugaban Amurka haka. A Majalisar Dattawa sanatoci 35 suka goyi bayan tsigewa, 19 suka ƙi, ya rage ƙuri'a ɗaya a cika kashi biyu cikin uku da ake buƙata. Da Johnson ya tsira, Stanton ya ajiye aiki a ƙarshen watan Mayun 1868.

## Mutuwa

Stanton ya bar gwamnati da raunin jiki da ƙarancin kuɗi. Albashin minista bai kai abin da yake samu a aikin lauya ba, kuma duk da ɗimbin kuɗin da suka bi ta ma'aikatarsa, sai da ya ci bashi don ɗaukar nauyin gidansa. Ya yi wa Ulysses S. Grant yaƙin neman zaɓe a 1868, ya kuma yi ƙoƙarin komawa aikin lauya, amma ciwon asma ya ci ƙarfinsa.

Ranar 20 ga watan Disamba, 1869 Shugaba Grant ya miƙa sunansa don zama alƙalin Kotun Ƙoli, Majalisar Dattawa kuma ta amince a ranar. Ya mutu a gidansa da ke Washington bayan kwana huɗu, yana da shekara 55, kafin a rantsar da shi. An binne shi a maƙabartar Oak Hill da ke unguwar Georgetown. Majalisa ta ba iyalinsa albashin alƙali na shekara guda, abokansa kuma suka haɗa musu gudummawa.

## Abin da ya bari

Masana tarihi sun rabu kan halinsa. Wasu na kallonsa a matsayin mai fuska biyu da son mulki, wasu kuma na ganin cewa da wuya Arewa ta iya ciyar da rundunar da ta kai mutum miliyan ɗaya, ta tufatar da ita, ta ba ta makamai, ba tare da irin tsarin da ya kafa ba. Zambar kwangila ba ta ƙare a zamaninsa ba, amma ta ragu ƙwarai idan aka gwada da shekarar farko ta yaƙin, kuma ko maƙiyansa ba su kama shi da cin kuɗin gwamnati ba.

Dokokin da aka yi a lokacinsa sun daɗe bayansa. Dokar Tucker ta 1887 ta faɗaɗa ikon Kotun Da'awa kan ƙarar kwangila, kuma kotun da ta gaje ta tana zama a Washington har yanzu. An raunana Dokar Da'awar Ƙarya a 1943, aka sake ƙarfafa ta a 1986, inda diyya ta koma ninki uku, kason mai kwarmata bayani kuma ya koma tsakanin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Da ita gwamnatin Amurka ke bin kamfanonin makamai da na kiwon lafiya da ake zargi da aringizon kuɗi. An sa hoton Stanton a kan tambarin wasiƙa na senti 7 a 1871, da kuma takardar kuɗi ta dala 1 da Baitulmalin Amurka ya fitar a 1890 da 1891.